Yadda Ake Gano Ha'incin Aikin Famfo Kafin Bangon Gida Ya Fara Zufa

Wata huɗu da tarewarmu a gidan da na gina, sai uwargida ta kira ni ɗakin yara ta nuna mini bango. Fenti ya kumbura daidai ƙugun mutum, yana ɓarewa kamar ɓawon gyaɗa, in ka ɗora tafin hannu kuma sai ka ji sanyi. Watan Janairu ne, tsakiyar hunturu, lokacin da in ka shanya wanki kafin ka juyo ya bushe. Babu ruwan sama balle a ɗora masa laifi. Bayan bangon nan banɗaki ne. Da aka fasa tayil, abin da muka tarar shi ne siririn bututun nan da masu lantarki ke zura waya a ciki, an mai da shi na ruwa, an gasa bakinsa da wuta an cusa wani a ciki, an naɗe da robar tayar babur, aka bi da siminti aka shafe. Kuɗin fayif mai kyau kuwa na biya shi cif-cif.

Kafinta in ya karkace maka ƙofa, ranar za ka gani. Mai fenti in ya tsinka fenti da ruwa, bango zai tona shi kafin ya wanke burushi. Shi kuwa mai aikin famfo, yawancin aikinsa binne shi ake yi, a cikin bango ko a ƙarƙashin daɓe, shi ya sa ido ba ya kama shi. Ruwa ne ke kama shi. Duk matakan da zan jero dabaru ne na sa ruwa ya ba da shaida, ko gida ka saya, ko haya za ka kama, ko gyara aka gama yi maka ana jiran cikon kuɗi.

Ka tanadi alli ko biro mai kauri, tef ɗin awo, bokiti, tocila, tsumma da leda, makullin ƙofa, kofi ɗaya na jiƙaƙƙen zoɓo mai duhu, da wayarka don ɗaukar hoto. Ka ware kwana biyu, domin wasu gwaje-gwajen sai sun kwana.

Mataki na farko: bar tanki ya kwana

Da yamma ka cika tanki, ka kashe sumo ko ka rufe ruwan da ke shigowa. Ka hau ka auna daga bakin tanki zuwa saman ruwan, ka rubuta. Sannan ka gaya wa mutanen gida cewa daga sallar isha'i zuwa asuba babu mai buɗe famfo, babu mai danna ruwan masai. A ɗebi na alwala da na buƙata a bokiti tun da wuri. Da asuba ka sake aunawa.

In ruwan na nan inda ka bar shi, alhamdu lillahi, bututun da ke kawo ruwa lafiya lau suke. In ya sauka, ga yadda za ka san yawan asarar: tankin da faɗinsa ya kai mita ɗaya, kowace santimita ɗaya da ya sauka kusan lita 8 ce. Santimita 5 a dare guda lita 40 ke nan, kuma suna can suna shiga bangonka ko ƙarƙashin ginshiƙin gidanka, kullum, ba hutu.

Kafin ka zargi bango, ka kewaya ka duba abin da ke fili. Kan famfon da ke ɗiga sau ɗaya a kowace daƙiƙa, hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta yana zubar da sama da galan 3,000 a shekara, wato fiye da lita 11,000. A rana ya fi jarka ɗaya ta 'yan garuwa. Sai kuma tankin masai, wanda shi ne babban ɓarawon da ba ya ƙara. Buɗe murfinsa ka zuba zoɓon nan a ciki, kada ka danna, ka dawo bayan rabin awa. In ka ga ja-ja a cikin kwanon masai, robar da ke toshe gindin tankin ta mutu ko ba a zaunar da ita daidai ba. Gyaran 'yan kuɗi kaɗan ne.

In duk waɗannan lafiya suke amma tanki na sauka, sai ka koma kan makullan ruwa. Ka rufe na sashe ɗaya, ka bar tanki ya sake kwana. Daren da ruwa ya daina sauka, ka san sashen da ɓarnar take. A nan ne mutane da yawa ke gano ha'inci na farko: duk gidan makulli ɗaya ne tak, a gindin tanki. Kamata ya yi kowane banɗaki da kicin su sami nasu, kowane masai da abin wanke hannu kuma su sami ƙarami a jikinsu. In babu, ranar da famfon kicin ya karye sai an yanke wa gida duka ruwa.

Mataki na biyu: karanta bango

Ba duk danshi ne laifin mai famfo ba, kada ka ɗora wa bawan Allah abin da birkila ya yi. Danshin da ke tasowa daga ƙasa yakan bi gindin bango a jere, ɗaki bayan ɗaki, da wuya ya wuce tsayin mita ɗaya, yana barin farin gishiri kamar kanwa, ya yi ƙarfi da damina ya ja baya da rani. Wannan rashin sa leda ko abin tare danshi ne a lokacin aza harsashi. Na ruwan sama daga sama yake gangarowa, daga silin ko gefen taga ko inda indararo ke zuba. Na bututu kuwa tabo ne a wuri guda, galibi a bayan banɗaki ko kicin, bai san rani ba bai san damina ba.

Shi ya sa nake ba da shawara, in da hali, a duba gida sau biyu kafin a saya: da hunturu don kama yoyon bututu, sai kuma cikin Agusta, lokacin da ruwa ya fi ƙarfi a ƙasar Hausa, don kama rufi da sokawe. Kuma ka yi hattara da bango ɗaya tilo da aka yi wa sabon fenti, ko aka manna wa tayil daga waje har tsayin ƙugu alhali sauran bangayen babu. Ruwa ba ya tsami banza. Ka ja kabad da gado ka leƙa bayansu, ka kuma saki hancinka. Warin rima ba ya ɓuya.

Mataki na uku: wane irin bututu aka sa, yaya kuma aka haɗa shi

Wannan shi ne zuciyar maganar, bari in ɗan daɗe a kai. Ka nemi duk inda bututu ya fito fili: gindin tanki, bayan gida, ƙarƙashin abin wanke-wanke, bayan masai. Abin da ka gani a fili shi zai ba ka labarin na ɓoye, sai dai ka sani yawanci na ɓoyen ya fi muni.

Bututun roba iri-iri ne, kuma wanda bai sani ba duk ɗaya yake ganinsu. Akwai PVC mai kauri da aka yi don ruwa mai matsi, akwai PVC marar kauri da aka yi don ruwan datti da ke gangara da kansa, akwai na wayar lantarki wanda ba a yi shi don ruwa ba sam. Sai PPR, wanda galibi kore ne a kasuwanninmu, mai jure ruwan zafi. Bututun kirki yana da rubutu a jikinsa: sunan kamfani, faɗinsa, da matsin da yake iya ɗauka. In ka ga bututu fes babu rubutu ko ɗaya, kuma ka matsa shi da yatsu biyu ya lotsa, to ba na ruwan tanki ba ne. Hanya mafi sauƙi ta koyon bambancin ita ce ka shiga kasuwar kayan gini, Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Dei-Dei a Abuja, ka ce a ɗora maka guntayen kowane iri a hannu. Minti goma sun isa hannunka ya riƙe nauyin.

Sai haɗi. Gam ɗin PVC ba manne abu yake yi kamar gam ɗin takarda ba, narkar da fatar bututun yake yi har biyun su zama abu ɗaya. Saboda haka dole a yanke bakin daidai, a kankare tsinin yanka, a goge ƙura da laima, a shafa a ɓangarorin biyu, a cusa har ƙarshe a ɗan murɗa, a riƙe kamar daƙiƙa 30, sannan a bar shi ya kwana kafin a sakar masa ruwa mai matsi. Mai gaggawa yakan shafa a gefe ɗaya, ya saki ruwa nan take. Haɗin zai riƙe wata biyu ko uku, daidai lokacin da ya karɓi kuɗinsa ya canza unguwa.

Alamar da ta fi kowace tona asiri ita ce baƙin hayaƙi a jikin bututu. Maimakon ya sayi soket (guntun da ke haɗa bututu biyu a miƙe) ko elbo (mai karya kwana), sai ya kunna takardar buhun siminti ya gasa bakin bututun har ya yi laushi, ya buɗa shi ko ya lanƙwasa. Wurin da aka gasa ya sirance, ya yi gautsi, nan zai fara tsagewa. In ka ga ɗaya a fili, ka ƙaddara akwai goma a bango.

Shi PPR da na'urar zafi ake haɗa shi, a kusan digiri 260, kuma daƙiƙu ne ƙidayayyu: kamar 5 ga bututu mai milimita 20, kamar 7 ga mai 25. In aka bar shi ya daɗe a wuta, ko aka danna da ƙarfin tsiya, robar da ta narke sai ta taru a ciki ta toshe rabin hanya. Daga waje haɗin ya yi kyau, ba ya yoyo, amma ruwa ya zama kamar fitsarin jariri. Wannan ba a gane shi sai an yanke haɗi ɗaya an leƙa, kuma in kana da shakka, ka sa a yanke. Soket ɗaya bai kai kuɗin fasa bango ba.

Inda ake ɗaura kan famfo ko wani abu mai zare, farin tef ake naɗawa, ta bin hanyar da za a murɗa. In ka ga leda, ko zaren buhu, ko an cika wurin da gam da siminti, ka san da wa kake mu'amala. Bututun PVC da aka bari tsirara a rana kuma, hasken rana na cinye shi har ya yi gautsi. A shafa masa fenti ko a rufe shi. Tsofaffin gidaje masu bututun ƙarfe, tsatsa daga ciki take cin su: in ruwan farko da ke fitowa da safe ja ne, lokacin canji ya yi, faci ɓata kuɗi ne.

Mataki na huɗu: ƙarfin ruwa

Buɗe shawa, ka sa wani ya buɗe famfon kicin, wani ya danna masai. In shawa ta mutu, akwai magana. Ƙarfin ruwan tanki daga tsayi yake zuwa, ba daga girman tanki ba: kowace mita 10 ta tsayi tana ba da matsi kusan "bar" ɗaya, wato ma'aunin matsi na masu famfo. Tankin da ya ɗara kan shawa da mita ɗaya kacal ba zai taɓa ba ka ruwa mai ƙarfi ba, ko lita dubu biyar yake ci. Kuskure na biyu shi ne a sauko da ruwan gida duka a bututu mai rabin inci. Daidai shi ne a fito daga tanki da inci ɗaya ko fiye, a rage zuwa uku bisa huɗu a rassa, sai a bakin famfo a koma rabin inci.

Tun da ka hau wajen tanki, duba abin da ya ɗauke shi. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, tanki mai lita 2,000 in ya cika tan biyu ne a saman kan iyalinka. Gindinsa duka ya zauna a kan abu shimfiɗaɗɗe, ba a kan ƙarfe biyu da rata a tsakani ba. Duba walda, duba tsatsa a ƙafafu, duba murfi.

Mataki na biyar: daɓen banɗaki

Sheƙa bokiti ɗaya na ruwa a lungun da ya fi nisa da rariya, ka tsaya ka kalla. Ruwan ya tafi rariya da kansa. In ya kwanta a tsakiya, ko ya nufi ƙofa, mai tayil bai ba da gangara ba, kuma uwargida za ta shekara tana kora ruwa da tsintsiya. Bi tayil ɗaya-ɗaya kana ƙwanƙwasawa da makulli. Wanda ya zauna sosai ƙararsa a toshe take. Wanda ya yi ƙara kamar ganga akwai rami a ƙarƙashinsa, an ɗiga siminti a kusurwa huɗu ne aka ɗora. A ramin nan ruwa ke taruwa.

In banɗakin a saman bene yake, toshe rariya da tsumma cikin leda, ka tare bakin ƙofa, ka tara ruwa kamar santimita 3, ka yi alama, ka bar shi awa 24. Sai ka sauka ƙasa ka duba silin da tocila.

Dafa masai ka girgiza shi. Bai kamata ya motsa ba. Leƙa bayansa: akwai roba ta musamman da ke haɗa bakinsa da bututun inci huɗu. Da yawa ba sa saye, sai su cusa takarda su toshe da siminti. Siminti ba ya kama jikin tangaran da roba yadda ya kamata, yana tsagewa, ruwan ƙazanta ya riƙa tsiyaya ƙarƙashin tayil. Ranar da masai ya toshe kuma, ba ya ciruwa sai an fasa shi.

Mataki na shida: bi wari

Banɗakin da ake wankewa kullum amma wari bai fita ba, ba ƙazantar masu gida ba ce. A ƙarƙashin kowace rariya da kowane abin wanke hannu ya kamata a sami lanƙwasa da ke riƙe ruwa kamar santimita 5. Ruwan nan shi ne ƙofar da ke tare iskar sokawe da kyankyasai. Haska tocila cikin rariyar daɓe bayan ka zuba ruwa: in ka ga ruwa a kwance, da kyau; in ka ga rami baƙi ƙirin, babu abin tarewa, kai da sokawe ɗaki ɗaya kuke kwana. Ƙarƙashin abin wanke hannu kuma, sau da yawa za ka ga farar roba mai kama da maƙogwaro an miƙar da ita sak cikin daɓe. Ko lanƙwasa ta aka yi aka ɗaure, wari zai ragu.

Saurari masai bayan ka danna. In kana jin ƙululu-ƙululu a rariya ko a abin wanke hannu, bututun ba ya numfashi. Fita bayan gida ka nemi bututun iska. Ya kamata ya miƙe ya wuce rufi, da raga a bakinsa saboda sauro da ƙuda. Na sha ganin wanda aka yanke daidai ƙarƙashin tagar ɗakin kwana, don kawai a rage tsawon fayif ɗaya.

Mataki na bakwai: buɗe cemba

Mutane ba sa son wannan matakin, amma minti goma ne. Ɗaga murfin ƙananan ramukan duba da ke bayan banɗakuna. Sa yaro ya jefa 'yar takarda a masai ya danna, kai kana tsaye a kan cemba. Ruwan ya zo da gudu ya wuce da takardar, ya bar wurin babu komai. In ya zo a sanyaye, ko ka tarar da ruwa a kwance tun kafin a danna, ko dai gangara ta yi kaɗan ko akwai toshewa a gaba.

Gangarar da aka saba bi ga bututun inci huɗu ita ce ɗaya cikin arba'in, wato santimita 2 da rabi a kowace mita. In tsakanin cemba biyu mita 8 ne, bakin bututu a ta biyu ya zama ƙasa da na farko da kusan santimita 20. Za ka iya aunawa da farar tiyo mai ruwa a ciki, irin wadda magina ke daidaita gini da ita. Duba kuma kada a ce an fito da inci huɗu daga masai an rage shi zuwa uku a hanya. Bututun datti ba ya raguwa yana tafiya. Duk inda layi ya karya kwana a ƙarƙashin ƙasa, cemba ya kamata a sa, ba elbo a binne ba. In ka nemi cemba ka rasa gaba ɗaya, wataƙila an shafe ta da daɓen tsakar gida, kuma ranar toshewa sai an yi ta fasa ana lalube.

Mataki na takwas: sokawe da rijiya

Abin da muke kira sokawe a dunƙule, a ƙa'ida ramuka biyu ne. Na farko rufaffe ne, an yi masa filasta ciki, a nan ƙazanta ke kwanciya ta ruɓe. Na biyu shi ke da ƙofofi a jiki, yana karɓar ruwan da ya tace ya sake shi cikin ƙasa. Bututun fita daga na farko ya ɗan yi ƙasa da na shiga. Mai ha'inci rami ɗaya yake yi, ya raba murfin biyu don ido. Alamarsa, ramin na cika da wuri, kullum kana kiran motar kwasa. Ka tabbata kuma ba a juya ruwan rufi cikinsa ba, in ba haka ba ruwan Agusta ɗaya ya isa ya dawo maka da komai cikin banɗaki.

Sai ka ɗauki tef ka auna daga sokawe zuwa rijiya ko bohol. Shawarar da masana tsaftar ruwa suka saba bayarwa ita ce a bar kamar mita 30. Fulotin ƙafa 50 da 100 kuwa duka-duka mita 15 ne da 30, ga kuma sokawen maƙwabci a jikin katanga. Gaskiyar magana a cikin gari da wuya nisan ya samu. Abin da ya rage shi ne a nisanta iya iyawa, rijiya ta kasance ta sama da gangara, a zuba siminti a kewaye wuyan bohol, a ɗaga bakinsa sama da daɓe, a kai ruwan ɗakin gwaji, a kuma tafasa na sha ko a sa masa sinadarin kulorin. Taifot da amai da gudawa ta wannan hanyar suke shiga gida.

Kada ka shiga ramin, kada ka bar lebura ya shiga don ganin ido, kada a kunna ashana a bakinsa. Iskar da ke ciki, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, in ta yi yawa tana kashe jin wari kafin ta kayar da mutum, kuma sau da yawa wanda ya shiga ceto shi ma ba ya fitowa.

Mataki na tara: hita

Yawancin kurakurai dukiya suke ci, wannan rai yake ci. Bututun da ke fita da ruwan zafi kada ya zama PVC, domin ba a yi shi don zafin da ya wuce digiri 60 ba. A bakin shigar ruwan sanyi akwai ɗan bawul da ke sakin matsi in ya yi yawa; yakan ɗan ɗiga lokacin da ruwa ke zafi, aikinsa ke nan. Wasu in mai gida ya yi ƙorafin ɗigar sai su toshe shi ko su cire. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Hita ta sami makunninta daban a wajen banɗaki, da wayar da ke sauke wuta ƙasa. In ka taɓa kan shawa ka ji ɗan tsir, ko sau ɗaya ne, kashe ta daga babban makunni, kada kowa ya yi wanka sai mai lantarki ya zo.

In ka kama ɓarna

Ɗauki hoto kafin a taɓa komai, ka ajiye guntun da aka yanko. Sannan ka kira wanda ya yi aikin, kai da shi, ba a gaban yaransa ba. Ni da na kira nawa, na miƙa masa guntun bututun na ce, "Malam, wannan fa?" Ya juya shi ya sake juyawa, ya ce, "Wallahi Alhaji, ranar ina wani aiki, yaro na bari." Na ce, "To ai kai na ba aiki, ba yaro ba." Muka daidaita: ni na sayi kaya, shi ya sake aikin ba kuɗin hannu, kuɗin mai tayil muka raba. In ya ƙi, akwai shugabannin sana'arsu, akwai wanda ya haɗa ku, akwai mai unguwa, kafin a kai ga kotu. In gida ka saya aka ɓoye maka aibi, malaman fiƙihu sun yi bayani a kan haƙƙin mai saye, ka tambaya. In haya ce, a rubuta wa zai biya gyara kafin ka ba da kuɗin shekara.

Amma in faɗi wadda ba ta yi mana daɗi: rabin ha'incin nan mu masu gida muke jawo shi. Mutum ya kawo lissafin kaya na gaskiya, ka raba biyu ka ce ya yi maneji. Ko ka ce lallai a gama kafin Juma'a saboda amarya za ta tare. Ni kaina na yi irin wannan gaggawar. Ina tsaye a kansa ina cewa a rufe bango mai tayil na jira. Wanda ya karɓi aiki a rabin farashi, a bango zai cire cikon.

Saboda haka in za a sake aikin, raba kuɗin kaya da kuɗin aiki, ku je kasuwa tare ko ka aika wanda ka yarda da shi, a ƙirga soket da elbo da makulli a gabanka. A rubuta yarjejeniya ko da a takardar littafin makaranta ce, da shaida ɗaya, a kuma bar wani kaso na kuɗin aiki sai bayan gwaji. Bututu a bango ya tafi a miƙe, ko tsaye ko kwance, ba a karkace ba, don ka iya hasashen inda ya bi.

In an gama shimfiɗa bututu, kafin birkila ya ɗebo siminti, a toshe duk bakunan, a saki ruwa, a fitar da iska, a bar shi cike awa 24. In mai aikin na da famfon gwajin matsi mai agogo, ya fi, a danna a ga ko allurar za ta sauka. Bi kowane haɗi da busasshiyar takarda, ko ɗigo ɗaya zai nuna. Layin datti kuma a sheƙa masa bokiti uku a jere tun rami na buɗe, kana kallo.

Daga nan ka ɗauki hoton kowane bango, da tef ɗin awo a miƙe a jikin bututu, daga kusurwa da kuma daga daɓe, yadda lambobin za su fito. Ka tura wa kanka da wani na gida, ka kuma wanke biyu-uku ka sa cikin takardun fili. Bara da za a kafa madubi a banɗakin yara, mai aikin ya riga ya ɗora na'urar huda a kan tayil, na ce ya dakata, na buɗe hoto. Bututun ruwan sanyi na nan daidai wurin, santimita 60 daga kusurwa. Muka matsa taƙi ɗaya hagu.